Rariyar Koki

Tun ranar da samarin unguwarmu suka ɗauko kofin gasar unguwanni, ban ƙara ɗinka riga ɗaya a zama guda ba. Duk wanda ya zo wucewa ta ƙofar shagona sai ya tsaya ya leƙo, ya ce, "Baba, barka, yau dai an wanke ka." Ina amsa barkar, domin ba a mayar wa mutum gaisuwarsa. Amma maganar wankin nan ba na karɓarta. Ban yi dauɗar da suke nufi ba, wadda na yi kuwa ba kofi ne zai wanke ta ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in faɗi yadda abin ya kasance, tun da sauran waɗanda za su iya ƙaryata ni a raye.

A Koki aka haife ni, a wani lungu da idan jaki ya shigo da kaya sai kowa ya manna bayansa da bango. A wancan lokaci ba agogo ke tashin mutum ba. Da asuba ladani, bayansa ƙarar guga a bakin rijiya, sai tabarya ta karɓa daga gida zuwa gida, kafin hantsi kuma masu bugu sun fara dukan shadda a zaurensu, ƙarar na tafiya bibbiyu kamar ana amsa wa juna. Kowane saurayi da aikinsa kafin ya ga rana tasa ce. Ni nawa cika randuna huɗu, yanko wa tumakin mahaifiyata ciyawa a bayan ganuwa, da kai niƙa. Sai an gama wannan, an kuma taso daga makarantar allo ta yamma, sannan mutum zai sulale zuwa filin bakin kududdufi. Fili ne mai gangara, gefe guda burji, gefe guda laka. Da tamaular tsumma muka fara. Daga baya manyanmu suka samo ƙwallon fata mai bulada a ciki, wadda baduku ke ɗinke mana duk sanda ta fashe. Idan ta faɗa kududdufi ta sha ruwa, nauyinta ya kan kai na ƙaramin dutsen niƙa, wanda ya sa mata kai sai ya yini yana jin ƙara a kunnensa. Yanzu ina ganin ƙwallon da ake bugawa, mai sheƙi, marar nauyi, yaro ya taɓa ta da gefen ƙafa ta tashi sama. Ban ce tamu ta fi ba. Na dai ce wanda ya tare tamu da hannu ya san ya tare wani abu.

Mahaifina mai sayar da goro ne, kuma ba ya ƙaunar wasan nan ko kaɗan. Ya kan ce bai ga hankalin mutumin da Allah ya ba hannu biyu ba, ya bar su suna lilo, ya koma bin fata da ƙafa. Ranar da ya kama ni a fili ya riƙe kunnena har gida, sai na ce masa, "Baba, ai ni gola ne, da hannu nake kamawa." Ya dube ni ya daɗe, ya saki kunnen, ya ce to ko ba komai a cikin mahaukata ya samu mai dama-dama. Bai taɓa zuwa kallo ba har ya rasu, amma bai sake hana ni ba.

Sunan ƙungiyarmu Garwashi. Kyaftin ɗinmu Ɗanlami ne, maƙwabcina, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma tun muna ƙanana kwano ɗaya ake zuba mana tuwo, yau a gidansu gobe a namu. Shi ne mai cin ƙwallo, ni ne mai hana a ci mu. Shekarar da muka fara ɗaukar kofi, gemu bai gama fito mana ba. A kurar ɗaukar kaya aka ɗora mu ni da shi, aka tura mu lungu-lungu, mata na guɗa ta bayan katanga, tsofaffin da ke zagin ƙwallo suna leƙowa daga zaure suna yi kamar ba su gani ba. Na ɗauka haka za a riƙa yi duk shekara. Ɗanlami ma haka ya ɗauka.

Da shekara ta zagayo muka sake kaiwa wasan ƙarshe. Saura kwana uku a buga, mahaifina ya ce a yi wa soro yaɓe kafin ruwa ya sauka. Ina saman tsani da kwandon ƙasa a ka, matakala ta karye, na faɗo na dafa ƙasa da hannun hagu. Na ji wani abu ya ce ƙas a wuyan hannun. Ban gaya wa kowa ba. Na saɓa riga na rufe hannun, na bi ta bayan gari har Kabara wurin wani tsohon maɗori, inda ba wanda ya san ni. Ya lalluba ya ce ƙashi ya tsage. Ya ɗaure min, ya ce ko buta kada in ɗaga da hannun sai bayan sati uku. Na ce to. A ƙungiya muna da gola na biyu, Isuhu, lafiyarsa ƙalau, shekara biyu yana zaune a gefen fili yana jiran rana irin wannan. Da na buɗe baki na faɗa, shi za a sa. Ni kuwa na riga na ɗanɗana hawan kura. Ranar wasa na kwance karan ɗorin, na naɗe wurin da tsumma, na sa riga mai dogon hannu, na shiga raga.

Mu muka fara ci, Ɗanlami ya zura ta da ka. Bayan hutun rabin lokaci wani ɗan bayan abokan karawarmu ya bugo ƙwallo daga nesa, ba ƙarfi ba dabara, irin wadda nake kamawa ina hira. Ta zo ta hagu. Na kai hannu, hannun ya lanƙwashe kamar ganye, ta wuce. Kafin a tashi wata irinta ta sake zuwa ta wannan gefen, ta sake wucewa. Har yau ina iya jin shirun da ya sauka a ɓangaren 'yan unguwarmu. Ɗanlami ya tako tun daga tsakiyar fili ya tsaya a gabana yana haki, ya dube ni, ya juya.

Da abin ya tsaya nan, da ya wuce kamar kowace faɗuwa. Amma bayan sati guda sai ga kawuna ya dawo daga fatauci da keken ɗinki sabo a cikin akwatinsa, wanda ya yi min alkawari tun ina koyon aiki. Aka sauke shi a ƙofar gida da rana tsaka, kowa na gani. Da yamma na fito dandali, samari sun cika dakali, sai Ɗanlami ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Ƙwallo biyu, keke ɗaya. Ciniki ya yi kyau." Wani ya ce ai wannan ba gola ba ne, rariya ce. Aka yi dariya. Daga ranar sunan ya bi ni. Akwai mutanen da suka yi aure suka aurar a unguwar nan ba su san sunana na yanka ba.

An sha tambayata daga baya me ya sa ban nuna hannun ba a lokacin. Dalili biyu ne, kuma ba mai kyau a cikinsu. Na farko, idan na nuna, na tabbatar da bakina cewa na yaudari mutum goma, na kuma danne wa Isuhu haƙƙinsa. Na biyu, zuciya. Na ce a raina, mutumin da muka ci tuwo a kwano ɗaya, idan har zai iya zaton zan sayar da shi a kan keke, to bai cancanci in yi masa bayani ba. Na jira ya zo ya tambaye ni. Shi ma, ina jin, ya jira in zo in faɗa. Haka muka yi ta jira har furfura ta fito mana. Muna sallah a sahu ɗaya, na halarci sunan 'ya'yansa ya halarci na nawa, amma tsakaninmu ba abin da ya wuce ina kwana da ina gajiya.

Hannun bai koma daidai ba, don haka ban sake tsayawa a raga ba. Mutane suka zaci zan bar ƙungiyar in ɓuya a shago. Ban bari ba. Washegarin ranar da aka sa min sunan na je fili, na zauna a kan dutse a bakin layi inda kowa zai gan ni. Da aka zo neman wanda zai ɗinka sababbin riguna na ce ni zan ɗinka, kuma a kan wannan keken da ake magana na ɗinka su. Na zama mai zuba toka a layin fili, mai ɗauko ruwa, mai kai wanda ya ji ciwo wurin ɗori. Takardar rajistar ƙungiya ma a hannuna ta ƙare, saboda duk wanda aka ba sai ya gaji ya ajiye. Matata Uwani ta kan ce, "Malam, mutanen da ke kiran ka da wannan suna kake wa wanki?" Sai in ce mata ba su nake wa ba, kuma ba su za su kore ni daga abin da na gina da ƙashina ba.

Kofi kuwa ya ƙi dawowa. Shekara arba'in da 'yan kai. Mun kai wasan kusa da na ƙarshe sau da dama aka fitar da mu. Akwai shekarar da ruwa ya cinye fili muka kasa atisaye. Akwai shekarar da 'yan wasanmu suka yi faɗa da alƙalin wasa aka kore mu daga gasar. Akwai shekarun da da ƙyar muke haɗa mutum goma sha ɗaya. 'Yan wasu unguwanni suka daina ce mana Garwashi, suka koma ce mana Toka. A unguwa kuma aka samu masu cewa tun ranar da aka sayar da wasa albarka ta tashi, kuma ba za ta dawo ba muddin mai sayarwar na zaune a bakin layi. An aiko min da wannan magana ta bakin mutane masu mutunci. Na ce su koma su ce ina nan.

A cikin shekarun nan komai ya sauya a idona. Aka cike kududdufi da shara, aka daddaɓe, aka gina shaguna a kai. Filin da muka yi wasa yanzu layin masu sayar da waya ne, inda ragata take kuwa wani ya kafa injin markaɗe. Masu bugu sun ragu, ƙarar janareta ta maye gurbinsu. Ganuwar da muke hawa mu hango bayan gari an cinye ta da gini. Samarin yanzu suna cika gidan kallo su biya kuɗi su zauna a duhu, su yi ta rantsuwa a kan ƙungiyoyin garuruwan da ba su taɓa takawa ba, har a fasa wa juna kai a kan mutumin da bai san da zamansu a duniya ba. Ka tambaye su wa ke tsaron ragar unguwarsu, sai su dube ka kamar ka yi wani yare. Atisaye ya koma can bayan Ƙofar Kabuga, a wani fegi da mai shi bai tashi gini ba tukuna. 'Yan wasanmu kanikawa ne, da masu tuƙa adaidaita sahu, da masu ɗaukar kaya a kasuwa, sai sun tashi daga aiki su taho a gajiye. Duk da haka suna zuwa. Wannan kaɗai ya sa ban taɓa yarda da masu cewa yaran yanzu ba su da zuciya ba.

Bara waccan sai ga wani Alhaji mai kamfanin ruwan leda ya aiko. Yana son ƙungiyar. Zai ba da fili mai ciyawa, da takalma, da mota. Sharaɗinsa ɗaya ne: a cire sunan Garwashi a sa na ruwansa, a kuma ɗauke ƙungiyar daga Koki zuwa inda kamfaninsa yake. Aka kira taro bayan la'asar a zauren Ɗanlami, domin shi ne shugaban dattawan ƙungiya, ya zama babban ɗan kasuwa, ya je Makka, ana ce masa Alhaji. Zaure ya cika, dattawa a kan tabarma, 'yan wasa a tsaye a bakin ƙofa.

Ɗanlami ya yi magana mai ma'ana, ba zan ɗauke masa wannan ba. Ya ce yaran nan suna wasa a kan kwalabe da ƙusoshi, wasu da takalmin aro. Ya ce suna ba ya sa wa mutum takalmi. Ya ce mu tsofaffi ne, bai kamata mu ɗaure ƙafar samari da abin da ya wuce ba. Daga nan ya juyo wajena, ba tare da ya dubi idona ba, ya ce, "Malam, takardar tana wurinka. Sai ka kawo a sa hannu."

Na ce, "Ba zan kawo ba."

Wani daga cikin dattawan ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah. Yau Rariya ce ke hana ciniki." Zaure ya ɗauki dariya, har da wasu daga cikin samarin da ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da abin ya faru.

Ban san sanda na miƙe ba. Na naɗe hannun rigata na ɗaga hannun hagu a gabansu, inda ƙashin ya haɗe a karkace ya yi tudu. Na ba su labarin tsani, da maɗorin Kabara, da riga mai dogon hannu. Na ce, "Na cuce ku, gaskiya ne. Na shiga raga da karyayyen hannu saboda son a sake ɗora ni a kura. Na cuci Isuhu, ya rasu ban nemi gafararsa ba, wannan yana wuyana har gaban Allah. Amma ban taɓa karɓar ko allura a kan ƙungiyar nan ba. Kun shekara arba'in kuna kirana mai sayarwa, yau ga mai saye ya zo da gaske, ku ne kuka shimfiɗa masa tabarma. Idan samarin nan suna son tafiya, ƙafarsu ce, ba na riƙe kowa. Amma sunan nan a Koki aka raɗa shi, a Koki zai mutu idan mutuwar zai yi."

Ɗanlami ya daɗe yana kallon hannun. Can ya ce, "Me ya hana ka faɗa?"

Na ce, "Me ya hana ka tambaya?"

Kyaftin ɗin yaran, Sadiƙu, bakanike ne, hannunsa duk baƙin mai, shi ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Ya ce, "Iyayenmu, ku yi haƙuri in sa baki. Ni dai a rigar nan babana ya yi wasa. Wanda zai tafi ya tafi, ni ina nan." Aka tashi taro ba a sa hannu ba.

Ba zan ce kowa ya bi Sadiƙu ba. Alhajin mai ruwan leda ya kafa tasa ƙungiyar, kuma biyar daga cikin gwanayenmu suka koma can, har da mai tsaron raga. Ban ga laifinsu ba, na ma ɗinke wa ɗayansu wandon da zai tafi da shi. Muka cike gurbi da waɗanda a da ba sa samun shiga. Kocinmu, Malam Habu, malamin firamare ne mai sanyin magana, ya dube su ya ce tun da ba mu da masu ƙawa, sai mu zama waɗanda ba a jin daɗin wasa da su. Ya koya musu tsare gida da gudu ba tsayawa. Ni kuma ya ba ni sabon gola, Nafi'u, dogo mai tsoron ƙasa, ya ce in yi yadda zan yi da shi. Wata uku ina jefa masa ƙwallo da hannu ɗaya a kan burji har ya daina rufe ido. Shekarar farko aka fitar da mu tun a zagaye na biyu, masu dariya suka yi dariyarsu. A cikin wannan shekarar ne Ɗanlami ya faɗi a kasuwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na je dubiya tare da jama'a, na yi masa sannu, na fito.

Bana kuma sai abin ya riƙa tafiya. Ba mu yi wasa mai kyau ba ko sau ɗaya, kowa ya faɗi haka, ni ma na yarda. Ci ɗaya mai ban haushi, canjaras a tafi bugun fenariti, wani ci ɗayan. Na so ƙwarai mu haɗu da ƙungiyar mai ruwan leda, amma wasu suka riga mu fitar da su. Muka wayi gari a wasan ƙarshe.

An yi ruwa da safe, fili ya zama taɓo. Ban taɓa ganin 'yan Koki sun fito haka ba tun ina saurayi, har da 'yan gidan kallo, wasu ma sai a ranar suka san launin rigarmu. Abokan karawarmu sun fi mu komai. Suka danne mu a gida tun daga usur na farko, Nafi'u ya yi ta faɗuwa a laka yana tashi, har ba a gane fuskarsa. Bayan hutu aka ba ɗan bayanmu jan kati, muka koma mu goma. Wani a bayana ya ce, "Shi ke nan, an koma gidan jiya." Ban waiwaya ba.

Abin da zan faɗa yanzu jikokina na yi min dariya a kansa. Shekara arba'in da 'yan kai ina jiran ƙwallon nan, kuma ban ga shigarta ba. Saura kaɗan a tashi, mai riƙe da tuta a gefenmu ya bar wata satar gida ta wuce, na bi shi a bakin layi ina gaya masa abin da na ga ya dace da shi. Ina cikin haka na ji ƙasa ta girgiza. Na juya na ga Sadiƙu kwance a cikin laka mutane sun hau kansa. An ce kwana aka bugo, ƙwallo ta yi ta karo a gaban raga, ta bugi ƙaurinsa ta gangara ciki a hankali. An nuna min a waya sau ba adadi. Ba ta da kyau ko kaɗan. Da alƙali ya busa tashi, sai na zauna a kan jarkar ruwa. Ban yi kuka ba, duk da akwai masu rantsuwa sun gani. Samari suka zo za su ɗaga ni sama, na ce su sauke hannunsu, an taɓa ɗaga ni sau ɗaya na ga abin da ya jawo, su je su ɗaga Nafi'u.

Washegari da hantsi Sadiƙu ya shigo shago da kofin a cikin buhu. Ya ce yara sun yanke shawara a wurina zai zauna. Na ce akwai inda zai fara zuwa. Na saɓa buhun, na bi lungu, na yi sallama a gidan Ɗanlami. Hajiyarsa ta ce in shigo har ɗaki. Yana kishingiɗe a kan katifa an tokare shi da matasai, ya rame, bakinsa ya ɗan karkace. Na zauna a gefensa, na fito da kofin na ɗora masa a cinya. Ya sa hannunsa mai lafiya ya shafa shi tun daga baki har gindi. Na zaci zai ce wani abu a kan shekarun nan, na kuma shirya abin da zan mayar masa, domin ban zo neman a ba ni haƙuri ba, ban kuma zo bayarwa ba.

Da ya buɗe baki, maganar na fita da ƙyar, sai ya ce, "An nuna min a waya. Golan nan naka yana saurin fitowa."

Na ce, "Bai yi saurin fitowa ba. 'Yan bayansa ne suka bar masa rami."

Ya girgiza kai. "Sau biyu. Da masu hankali ne, da sun ɗaga masa ita ta sama."

"Alhaji, kai da ba ka taɓa tsayawa a raga ba, me ka sani?"

"Na san yadda ake cin irinku," in ji shi.

Na gyara zama na jawo tiren shayinsa, na jera kofuna uku a matsayin 'yan baya, na ɗauki murfin kwalbar maganinsa na ce wannan ne Nafi'u, in nuna wa Ɗanlami inda ya yi kuskure. Ya ture kofi ɗaya da yatsa ya ce ba nan yake tsaye ba. Muna nan har aka kira azahar, ban yarda ba, bai yarda ba. Hajiya ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonmu, ta daɗe, sannan ta tambaya ko a kawo min abinci nan ne ko gida zan koma.

Ɗanlami ya ce, "Kawo masa nan. Bai gama jin kuskurensa ba."